Tsinkewar Kwanson Harsashi a Cikin Bindiga

Tsinkewar kwanso matsala ce da ke aukuwa a daidai lokacin harbi. Kwanson tagullar da ke ɗauke da albarushi yana rabuwa biyu, gindinsa ya biyo sakatar bindiga ya fito, gangar jikinsa kuwa ta maƙale a mazaunin harsashi, wato faffaɗan ramin da ke farkon bututu. Daga nan bindiga ta tsaya, don sabon harsashi ba shi da wurin zama, kuma ƙugiyar sakata, wadda ke jawo kwanso waje, ba ta da abin da za ta kama. An fi ganin wannan a raiful masu harsashi mai kafaɗa, wato wanda kwansonsa ke tsukewa kusa da baki kamar kwalba, irin su .303 British, .308 Winchester da .30-06. A ƙasar Katsina da Daura yawancin mafarauta adaka suke riƙewa ko bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya. Adaka ba ta da kwanso, saboda haka matsalar ta fi shafar masu lasisin raiful da ma'aikatan ɗakunan ajiyar makamai na hukuma.

Yadda kwanso ke tsinkewa

Tagullar kwanso gauraye ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓe ta ne saboda tana buɗewa ta manne da bangon mazauni ta toshe hayaƙi, sannan ta ɗan koma da kanta idan ƙarfin wuta ya faɗi. Kaurinta ba ɗaya ba ne. Wajen gindi tana da kauri sosai, tana yin gaba tana sirancewa.

Idan aka ja kunama, allura tana dukan gindin harsashi ta tura shi gaba har kafaɗarsa ta tokare. Albarushi ya kama. A harsashin .308 Winchester matsin da aka yarda da shi yana kaiwa fiye da tan 4 a kan kowace murabba'in santimita. Siririn ɓangaren gaba shi ne ke fara buɗewa ya riƙe bango gam. Gindi mai kauri ba ya buɗewa, sai matsin ya tura shi baya har ya daki fuskar sakata. Gaba a riƙe, baya na tafiya, dole tagulla ta miƙe a inda kauri ya haɗu da siranta, milimita kaɗan sama da gindi. In ratar da gindin zai yi tafiya ƙarama ce, tagulla na jurewa. In ta yi yawa, sai ta tsinke a zagaye, tsaf kamar an yanka.

Wannan rata ita ce tushen yawancin matsalar, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A .308 Winchester ana gwada ta da ma'aunai uku na ƙarfe: na inci 1.630 wanda dole sakata ta rufe a kansa, na 1.634 wanda bai kamata sabuwar bindiga ta rufe a kansa ba, da na 1.638 wanda in ta rufe a kansa an daina harbi da ita. Tsakanin na farko da na ƙarshe milimita 0.2 ne kacal, kaurin takardar rubutu biyu. A .303 British kuwa ratar ta dogara ne da kaurin leɓen gindi, kuma ma'aunin sojan Ingila daga inci 0.064 ne zuwa 0.074.

Lee-Enfield, raiful mai harsashin .303 British wadda sojoji da 'yan sandan zamanin mulkin mallaka suka riƙe a Najeriya, ta yi suna da miƙar da kwanso. Haƙoran da ke kulle sakatarta a baya suke, don haka sakatar tana ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin matsi. Mazauninta kuma an yi shi da yalwa da gangan, don harsashi ya shiga ko da akwai laka ko ƙura. Ga sojan da ke harba sabon harsashi sau ɗaya ya yar da kwanso, wannan ba illa ba ce. Illar tana zuwa ne idan bindiga ta tsufa, ko aka sa mata sakatar wata, ko aka sake cika kwanso. Samfurin No. 4 yana da kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3, kowane ya ɗan fi na baya tsawo, kuma da su ake rage ratar.

Sauran dalilan sun haɗa da kwanson da aka cika sau da yawa ana matse kafaɗarsa baya kowane karo, da albarushin da ya wuce ƙima, da harsashin da ba na bindigar ba. Akwai kuma tagullar da ta ruɓe a ajiya. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwansuna suna tsagewa bayan an ajiye su a bargar dawaki lokacin damina, kuma a 1921 aka tabbatar cewa amoniyar fitsarin dawaki ce ke cin tagullar. Wannan ya shafi gidajen ƙasar Katsina kai tsaye, inda sau da yawa turken dabbobi da buhunan takin zamani suke kusa da ɗakin ajiya. Irin wannan tsagewa ta fi zuwa a wuyan kwanso, a tsaye.

Alamomi da abin da ake fara yi

Mai harbi yakan ji ƙarar ta bambanta, ko hayaƙi da ɓurɓushi su bugi fuskarsa, domin kwanson da ya tsinke ba ya toshe komai. Masu ƙera bindiga sun san da haka, shi ya sa sakatar Mauser ta 1898 take da ramuka biyu da ke karkatar da hayaƙin. Da an buɗe sakata sai a ga guntun gindi kaɗai ya faɗo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura wani harsashi nan take. Kansa zai shige cikin ragowar kwanson ya cije, sai a samu harsashi mai rai a maƙale, wanda ya fi matsalar farko haɗari nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne a juya bakin bindiga inda babu kowa, a cire gidan harsashi, a kwashe sauran harsasai, a zare sakata gaba ɗaya, sannan a haska da tocila ta baya. Ana duba abu biyu: ko haske na ratsa bututu har baki, da kuma irin abin da ya maƙale. Aikin ciro kwanso bai da haɗari sai idan an tabbatar babu albarushi a ciki.

Hanyoyin cirewa

Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa dukan hanyoyin: kada ƙarfe mai tauri ya taɓa bangon mazauni. Ƙarzuwa ɗaya mai zurfi ta isa. Duk harsashin da aka harba bayan haka tagullarsa za ta kutsa cikin ƙarzuwar ta maƙale, kuma gyaran sai an yanke gindin bututu an sake fafe mazauni, ko a canza bututun. Sukudireba, ƙusa, bakin wuƙa da sifokin babur suna iya lalata bindiga fiye da yadda tsinkewar kwanso za ta lalata ta.

Ana farawa da mai. A ɗiga man da ke ratsa tsatsa, ko kananzir in babu, a gefen tsinkakken bakin kwanso, a jingine bindiga bakinta ƙasa, a bar ta daga minti 30 zuwa kwana guda gwargwadon tsatsar.

Hanya mafi sauƙi ita ce buroshin tagulla na wanke bututu, amma wanda ya fi cikin kwanson faɗi. Ga kwanson .308 ko .30-06, buroshin .45 ko na bindigar tsuntsaye .410 yana yi. A ɗaura shi a gajeriyar sanda, a tura ta baya cikin kwanson ana murzawa har ya shige sosai. Gashinsa ya kwanta yana kallon baya, saboda haka da an ja sai ya turje ya cije tagullar. Ja ɗaya mai ƙarfi a miƙe ya fi jijjigawa. Tsohon buroshi da gashinsa ya lanƙwashe ba ya kamawa. In mazauni mai tsabta ne, galibi a nan aikin ke ƙarewa.

Akwai kuma na'urar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, kuma sojoji sun daɗe suna ba da ita tare da manyan bindigogi irin su Vickers da Bren. Siffarta ta harsashi ce: gindi mai leɓe, da dogon tsinke mai tsagaggen kai da ƙananan haƙora. Ana sa ta a mazauni, a rufe sakata a hankali. Kan tsinken yana matsewa ya ratsa wuyan kwanso, ya buɗe a gabansa, haƙoran su kama leɓen wuya. Da an ja sakata sai ta fito da kwanson. Kowane girman harsashi da tasa, kuma in tsawonta bai kai haƙoran su wuce wuya ba, za ta fito hannu banza. Ba a dukan hannun sakata da guduma. In ta ƙi, a ƙara mai a jira.

In duka biyun sun gaza, sai a koma ga zubi. Maƙeran bindiga suna amfani da Cerrosafe, gaurayen bismut, dalma, kuza da kadmiyam, wanda ke narkewa tsakanin digiri 70 da 88 a ma'aunin Selsiyus, ƙasa da tafasar ruwa. Wannan zafi ba ya taɓa ƙarfin bututu. Ana tura ƙyalle mai matsewa ta bakin bindiga har ya tsaya kamar santimita ɗaya gaban wuyan kwanso. A tsayar da bindiga bakinta ƙasa, a narkar da ƙarfen a gwangwani cikin ruwan zafi, a zuba ta ƙaramin mazurari har ya cika kwanson. Zubin yana zarcewa gaban wuya ya daskare, ya zama kafaɗar da za ta turo kwanson. A nan akwai wurare biyu da ake kuskure. Na farko cikawa fiye da kima: in ya malala cikin ramukan da haƙoran sakata ke shiga, ya kulle kansa, sai an sake narkar da shi. Na biyu jinkiri. Ƙarfen yana ɗan tsukewa a minti 30 na farko, ya dawo daidai girman rami bayan awa ɗaya, daga nan ya fara kumbura. Don haka da ya daskare ake sa sandar tagulla ta baki a ɗan buga. Tururin dalma da kadmiyam guba ne, a yi aikin a fili, kuma gwangwanin kada ya koma kicin. Tsofaffin maƙera sun yi irin wannan zubi da farar wuta, wadda ke narkewa wajen digiri 115, sai dai tana da gautsi, tana kama wuta, kuma tana jawo tsatsa in ba a wanke ba.

Sanyi yana taimakawa kaɗan. Tagulla ta fi ƙarfen bututu tsukewa, kusan kashi 19 cikin miliyan a kowane digiri, ƙarfe kuwa kusan 12. In aka ɗauko bututu daga zafin bazarar Katsina na digiri 40 aka sa a firiza ya kwana, kwanso mai faɗin milimita 12 zai saki da kusan milimita 0.005. Shi kaɗai ba ya fitar da komai, amma yakan karya riƙon tsatsa, buroshi ya ƙarasa.

Wasu suna murza ƙarfen da makanikai ke yanka zaren noti da shi cikin kwanson, ya ciji tagulla, sannan su bugo shi ta baki. Yana aiki, amma bangon kwanso bai kai milimita ɗaya ba a tsakiya, kuma rabin murɗa ta wuce kima ta isa haƙoran su huda shi su shiga mazauni. Wannan hanya ta ƙwararru ce, kuma ta ƙarshe.

Abin da ya yi kama da ita

Wani lokaci kwanso bai tsinke ba, ƙugiya ce ta yage leɓensa ya zauna dukansa. Ƙurar hunturu da ta haɗu da mai ta zama danƙo, ko tsatsar damina, su ne kan jawo haka. Tsofaffin harsasan soja da yawa suna barin gishiri mai jawo tsatsa a bututu bayan harbi, wanda mai ba ya narkarwa sai ruwan zafi. Tunda gindin yana nan, sandar tagulla guda ɗaya mai kauri kusa da faɗin bututu, kamar milimita 6 zuwa 7 ga bututun 7.62, ta isa: a sake ta ta faɗa da nauyinta sau da yawa. Sandar itace tana tsagewa ta cushe, sanda mai gaɓoɓi kuma tana lanƙwasa ta ƙarje bututu. Harsashin da bai tashi ba kuwa ba a taɓa buga shi ta baki, ko kaɗan. Wannan sai ɗakin makamai.

A bindigar tsuntsaye, kwanson roba ko na takarda da ya sha laima yakan rabu da gindinsa. Matsinsa ƙarami ne, yatsa ko buroshi na fitar da shi. Haɗarin shi ne guntun da ya zarce cikin bututu ba a gani ba.

Bayan an cire

A wanke mazauni, a busar da shi, a haska a nemi ƙarzuwa ko ramukan tsatsa. Ba a barin mai a mazauni lokacin harbi, don yana hana kwanso riƙe bango, matsin da ke kan sakata ya ƙaru. Sai a duba sauran kwansunan da bindigar ta harba. Zobe mai ƙyalli a zagaye sama da gindi alama ce ta miƙewa. In aka lanƙwasa kan siririyar waya aka ja ta a cikin kwanso, za a ji ta faɗa wani kwari a daidai wurin. Idan kwanson da aka sake cikawa ne kaɗai ke nuna haka, laifin na harsashi ne, a ware rukunin duka. Idan sabon harsashi ne ya tsinke, laifin na bindiga ne, kuma ba ta sake harbi sai an gwada ratarta da ma'auni.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa mallakar bindiga a ƙarƙashin lasisi, ta kuma taƙaita gyaranta ga ɗakunan makamai na hukuma da waɗanda aka ba izini. Wanke bututu da ciro kwanso da buroshi kula ce ta yau da kullum, amma canza kan sakata, sake fafe mazauni ko kwance bututu gyara ne, kuma mai lasisi a Katsina ko Daura zai nemi hanyarsa ta rundunar 'yan sandan jiha.