Za ka sayi mota daga hannun mai ita a Yamai? Fara da takarda kafin ka buɗe kapo

A Yamai hanya biyu ake samun tsohuwar mota. Ko ka je wurin 'yan kasuwa masu shigo da su daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, ko kuma ka saya daga hannun mutumin da ya hau tasa ya gaji, ko wata buƙata ta taso masa. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, don haka motar da ke cikin gari ta ƙara daraja a idon mai neman sauƙi. Sauƙin yana nan, amma mai mota ba shi da shagon da za ka koma ka same shi gobe. Ga tambayoyin da masu niyyar saye suka fi yi.

Idan na isa wurin motar, me zan fara dubawa?

Takardunta. Na san ido kan fenti yake fara sauka, kunne kuma yana son jin ƙarar inji, amma ka danne zuciyarka. Injin da ya lalace ana gyara shi, ko a sauke a ɗora wani. Motar da takardarta ba ta da kyau kuwa, ko ka biya kuɗinta ba ta zama taka ba.

Ka nemi kart giris, wato takardar rajistar motar, ta asali. Ka ajiye ta kusa da katin shaidar mai sayarwa ka ga ko suna ɗaya ne. Daga nan ka koma kan lambar shasi, wato lambar da masana'anta ta buga wa jikin motar. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Wasu motocin da aka yi don kasuwar cikin Japan suna da gajeriyar lamba. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ko a bakin ƙofar direba, sannan a buge a jikin ƙarfe cikin kapo ko a ƙasan kujerar gaba. Ka karanta ta harafi bayan harafi, wani yana bin takarda da ido. Kada ka tsaya ga gani kawai, ka shafa wurin da yatsa. Idan ka ji alamar guga ko walda, ko ka ga sabon fenti a daidai wurin alhali kewayensa ya tsufa, ko harafi ɗaya ya karkace ya bar layin 'yan uwansa, ka yi sallama ka tafi.

Ya ce kart giris ɗin ba ya kusa, sai fotokofi. Ko kuma sunan da ke ciki ba nasa ba ne.

Wannan ya zama ruwan dare, kuma ba kullum ne da ha'inci ba. Mota tana iya wuce hannu uku ba wanda ya sake suna, saboda gudun kuɗin rajista. Amma kai ne za ka gaji matsalar. Idan ya ce ta yayansa ce da ke Tawa ko Agadas, ka nemi takardar wakilci wadda hukuma ta buga wa hatimi, ka kuma yi magana da yayan da bakinka. Idan ya saya ne bai sake suna ba, ya kawo takardun cinikin baya duka, har su kai ga sunan da ke kan kart giris.

Motar gado ta fi kowace buƙatar haƙuri. Ɗa ɗaya ba ya sayar da abin da ba a raba ba. Sai an samu yardar magada a rubuce, ko takardar wanda aka ɗora wa alhakin dukiyar. In ba haka ba, wata rana ƙanin mai sayarwa zai yi maka sallama da sammaci.

Game da fotokofi, amsa ɗaya ce: ba a ciniki a kanta. Sau da yawa takardar asali tana hannun wanda ke bin mai motar bashi ne, an ajiye ta jingina.

Sai na binciki maganar duwan, wato kwastan, alhali motar ta daɗe tana yawo a gari?

Yawo a gari ba shaida ba ne cewa an biya kuɗin shigowa. Akwai motocin ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa waɗanda suka shigo bisa yafiyar kuɗin duwan. Ranar da za su koma hannun mutum, sai an biya abin da aka yafe kafin a ba su lambar kowa da kowa. Irin waɗannan motocin suna jan hankali, don galibi an kula da su kuma farashinsu yana da daɗin ji, amma ka je duwan ka tambayi abin da ake bin motar kafin ka ce ka samu araha.

Haka motar da ke ɗauke da lambar Najeriya, wadda mutanen Ƙonni da Tawa suka saba gani saboda kusancin iyakar Illela. Takardarta tana iya zama daidai a can, amma a nan baƙuwa ce har sai an biya duwan an yi mata rajista. Ka haɗa wannan kuɗin da farashin, sannan ka kwatanta da wadda ke da lambar gida.

Ta yaya zan san ba ta sata ba ce?

Ka rubuta lambar shasi ka kai wa 'yan sandan binciken manyan laifuka su duba. Nijar mamba ce a Interpol, kuma hukumar tana da rumbun bayanan motocin da aka sace a ƙasashe daban-daban. Ka gaya wa mai motar za ka yi haka, ka lura da fuskarsa. Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan. Alamun da ya kamata su sa ka ja baya sanannu ne: farashi ƙasa da kasuwa sosai, gaggawar "yau nake son kuɗin", da ƙin nuna maka gidansa ko wurin aikinsa.

To, inji fa? Ni ban san komai a kai ba.

Ka tafi da makanikinka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba. Ku je da safe, ka roƙi kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka ɗora hannu kan kapo: idan da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da yake yi da sanyi.

Kafin a murza makulli, a buɗe murfin da ake zuba man inji a dubi cikinsa. Kumfa mai launin shayi da madara tana iya nuna ruwa yana haɗuwa da mai, abin da makanikai ke danganta wa da lalacewar juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji. A buɗe radiyato tun inji yana da sanyi, a ga ko ruwan ya yi tsatsa ko mai yana yawo a samansa. Da aka kunna makulli, fitilun gargaɗi na tablo su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, wataƙila cire ta aka yi don kada ta tona asiri. Sai ka koma bayan motar ka kalli hayaƙi: shuɗi yana nufin inji yana ƙona man injinsa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuma fetur ko gazuwal ne ke shiga fiye da kima.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagayen unguwa. Garinmu zafinsa yana haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kuma motar da ke lafiya a kan hanya buɗaɗɗiya tana iya tafasa a cunkoso. Ka kunna kilim, ka shiga cunkoson Gadar Kennedy ko kewayen Katako da rana, idonka na kan allurar zafi. Daga nan ka hau kwalta mai tsawo ka ji yadda giya ke shiga da yadda birki ke kamawa, ka ƙarasa da hanyar jar ƙasa mai gargada, wadda ke fito da kukan duk abin da ya saki a ƙafafun mota.

Za a iya gane motar da ta taɓa yin babban hatsari ko ta nutse a ruwa?

Ana iyawa. Ka duba ta a hasken rana, ka tsaya daga gefe ka bi jikinta da ido ka ga ko launin wata ƙofa ya bambanta. Ka lura da tazarar da ke tsakanin ƙofofi da kapo, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ƙaramin mayen ƙarfe da aka naɗe a ƙyalle yana kama jikin ƙarfe, amma yana saki a inda aka cika mastik, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Tayoyin da suka cinye ta gefe ɗaya ma suna iya nuna shasi ya karkace.

Ruwa ya fi hatsari ɓoyewa. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2024, duk mai sayen mota a Yamai ya kamata ya ɗaga kafet, ya leƙa ramin tayar ajiya, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Busasshen laka a lungu, tsatsa a ƙarafan ƙasan kujera da warin rima ba sa ɓoyuwa. Irin wannan motar tana tafiya yau, wayoyinta kuma su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Idan motar daga Amurka ta fito, ka rubuta lambar shasinta a intanet. Da yawa daga gwanjon motocin hatsari aka sayo su, kuma sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan.

In yarda da kilomitar da ke kan tablo?

Kaɗan. Ana iya mayar da ita baya. Ka kwatanta ta da gogewar sitiyari, robar feda da kujerar direba. Ka tuna motocin Amurka da mil suke lissafi: mil 100,000 kilomita 160,000 ne da 'yan kai.

Mai motar abokin aikina ne, kuma ya girme ni. Ina jin nauyin in kawo makanike ko in ce a rubuta takarda.

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma abin yana damuna. Ana sayen mota cikin kunya, bayan wata biyu inji ya buga, sai zumunci ya lalace gaba ɗaya, a daina ko gaisawa. Bincike da rubutu su ne ke kare wannan zumuncin. Kana iya cewa: "Yaya, ni ban san mota ba, bari yaron nan ya duba mana don hankalinmu ya kwanta." Babu dattijon kirki da zai ƙi. Addini ma yana bayanka: aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a kafa shaidu idan an yi ciniki, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya idan an ɓoye masa aibi. Ka tambaye shi kai tsaye abin da ke damun motar, a rubuta amsarsa cikin takardar ciniki.

Idan da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, a san wanda zai biya, kuma ka dage sai ka zauna da mai motar ido da ido.

Yaya zan biya kuɗin?

Kada ka tura kafin alƙalami don motar da ka gani a Facebook ko WhatsApp kawai. Babbar takardar sefa jika goma ce, wato miliyan 3 takarda 300 ke nan, ba abin ƙirgawa a bakin titi ba. Ku haɗu a banki ko ofishin aika kuɗi da rana, a biya a karɓi rasit. Takardar ciniki ta ƙunshi sunayenku da lambobin katin shaida, samfurin motar, lambarta, lambar shasi, farashi, kwanan wata da awa, da sa hannun shaidu biyu, sannan a kai mairi ko komisariya a tabbatar da sa hannun. Awar tana da amfani idan daga baya aka ce motar ta yi wani laifi a ranar. Kuɗi, makullai duka da takardun asali su sauya hannu a zama ɗaya.

Na karɓi makulli. Saura me?

Ka mayar da kart giris sunanka ba tare da jinkiri ba, tun mai sayarwa yana kusa idan an nemi sa hannunsa. Ka duba ranar ƙarewar binyet, wato harajin mota, da bizit teknik, wato takardar binciken lafiyar mota. Asirans kuma, wato inshora, kada ka dogara da na tsohon mai motar ko da saura watanni: a dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka kan harkar inshora, wadda Nijar ke aiki da ita, kwangilar tana tsayawa da kanta a ƙarshen kwana na biyar bayan sayarwa. Ka yi naka kafin lokacin. Sannan ka kai ta garaji a juye mai, a sake filta, a duba bel ɗin inji da ruwan birki kafin ka ɗauki iyali zuwa Doso ko Tawa.