Ma'anar "bairas", da yadda aka ɗora masa laifin kowace kwamfuta mai nawa

Tun da annobar korona ta shigo a 2020, kalmar bairas ta zauna a bakin kowa, har tsofaffin da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Annoba ta lafa, kalma ba ta tafi ba, sai ta tare a kan na'urori. Yanzu a Ringim ko Gaya ko Ɗambatta, da kwamfuta ta yi jinkirin tashi, ko manhaja ta ƙame ta ƙi motsi, an gama yanke hukunci: bairas ne. A rediyo mai sauraro zai bugo ya ce laftof ɗinsa sai ta share minti goma kafin ta tashi, baƙon da aka gayyato a matsayin masani bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi abin da ke cikinta ba, sai ya ce a saka mata anti-bairas. A ofis ma, takarda ta ɓace ko suna ya fita daga jerin albashi, bairas ne ya cinye. Kalmar ta koma kamar "maleriya da taifot" a kemis ɗin ƙauye, amsar da ake bayarwa kafin a yi gwaji.

Bairas ɗin kwamfuta manhaja ce da wani mutum ya zauna ya rubuta. Abin da ya raba shi da sauran miyagun manhajoji shi ne yana kwafin kansa, ya maƙale a jikin wani fayil, ya bi shi zuwa wata kwamfutar. Wannan yaɗuwa ce ta sa aka ara masa sunan ƙwayar cuta, kuma wani ɗalibin jami'a a Amurka, Fred Cohen, ya yi bayaninsa a rubuce da wannan suna a 1984. Wanda ya fara shahara a irin kwamfutocinmu na gida shi ne Brain, na 1986. Wasu 'yan'uwa biyu ne a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta shi, har suka sa adireshin shagonsu da lambar wayarsu a ciki. Ke nan bairas ba ya tsirowa da kansa. Tsufa ba ya haifar da shi, zafi ba ya haifar da shi. Dole ya shigo ta wata ƙofa: filas, memorin waya, manhajar sata da aka sauke daga intanet, ko fayil ɗin da aka maƙalo a imel.

Ban ce babu shi a wajenmu ba. Duk wanda ya taɓa kai filas shagon buga takardu ko wurin masu tura fina-finai a kasuwa ya san wanda ke sa fayiloli su ɓace, a bar mutum da gumaka masu 'yar kibiya a gefe. Wannan bairas ne na gaske, kodayake yawanci ɓoye fayilolin yake yi, ba goge su ba, mutane ne ke goge su da hannunsu cikin firgici. Akwai kuma manhajojin da ke sace ƙarfin kwamfuta suna haƙar kuɗin kirifto, su kam suna sa nawa. Amma galibin masu rubuta mugun abu a yau ba sa son a gane sun shigo, don kalmar sirri da bayanan banki suke nema. Ɓarawon da ke son ya daɗe a ciki ba zai sa kwamfuta ta yi minti goma tana tashi ba.

Ga kwamfutar da ake yawan yi wa wannan ƙazafi. Ta hannu ce, 'yar Beljiyam, an sayo ta a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ta yi shekara takwas ko goma a duniya kafin ta iso Kafin Hausa. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a cikinta, gigabait 4, ajiyarta tsohon faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, an ɗora mata Windows 10. Idan aka kunna ta, dole a karanto Windows daga faifan a zuba a RAM, domin a nan kaɗai kwamfuta ke iya aiki da abu. Faifan nan hannu ɗaya ne ke yawo a kansa yana nemo bayanai. To ba Windows kaɗai ke jiran hannun ba. Duk manhajar da aka taɓa sakawa ta cusa kanta cikin jerin masu tashi tare da kwamfuta: ta sauke bidiyo, ta tura fayil zuwa waya, ta firintar da aka daina amfani da ita tun bara, kowace tana neman a karanto nata a lokaci guda. Minti goman ke nan.

Ta tashi da kyar, sai mai ita ya buɗe Chrome da shafuka goma, ya buɗe Word, ga karatu yana tashi a gefe. Gigabait 4 ɗin nan Windows ta riga ta ci kusan rabi. Da RAM ya cika, sai Windows ta fara kwashe abin da ke ciki tana jibgewa a faifan ajiya, tana dawo da shi idan an nema, alhali faifan bai ko kama ƙafar RAM a sauri ba. Manhajar da ta yi daƙiƙa biyar ba ta amsa ba, Windows ce ke rubuta mata "Not Responding" a sama, fuskarta ta yi fari-fari. Ba ta mutu ba, layi take bi. Danna linzami sau ashirin ƙara mata aiki ne kawai. Kuma goge fina-finai ba ya ƙara RAM ko kaɗan, duk da mun haɗa su biyun mun kira su "memori". Yana taimakawa ne idan faifan ya cika maƙil, Windows ta rasa inda za ta jibge kayanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da ake bayarwa. Tunda an ce bairas ne, sai a saka anti-bairas, wani har biyu ko uku don a tabbatar. Kowanne yana tashi tare da kwamfuta, kowanne yana binciken duk fayil ɗin da aka taɓa, har suna binciken juna, duka a kan faifan nan mai hannu ɗaya. Alhali tun daga Windows 8 akwai anti-bairas mai suna Defender a ciki, kyauta, yana aikinsa.

Gwajin gano ainihin matsalar bai kai minti biyu ba. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, zai buɗe. Idan layin Disk ya tsaya a kashi 100 ba a yin komai, faifan ne ya gaza. Idan Memory ya haura kashi 90, RAM ne ya yi kaɗan. Idan CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ne ke sama alhali ba a buɗe komai ba, kuma wata manhaja mai baƙon suna ce ke cin sa, to a nan ne zargin bairas ke da hujja. A shafin Startup kuma ana iya kashe duk abin da ba a buƙatar ya tashi da kwamfuta, ba tare da an goge shi ba.

Sai abin da masu ƙera su a Sin da Amurka ba su sa a lissafi ba. Ƙurar hunturu tana toshe fanka. A watan Afrilu zafin Haɗeja ko Gumel yana wuce digiri 40, ga laftof an ɗora ta a kan katifa, ƙofofin iskarta a rufe. Idan ƙwaƙwalwar ta kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wata kwamfutar lafiya lau take da asuba, da azahar ta zama kunkuru. Wasu samfuran Dell kuma idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, rage gudu suke yi da gangan, kuma cajar kasuwa ita ce a hannun kowa. Batir ya mutu tuni, da injin ya tsaya ko an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu tsakiyar rubutu a faifai, fayilolin Windows su lalace. Wanda ya ji faifansa ya fara ƙas-ƙas, ya kwashe takardunsa ranar, kada ya jira gobe.

Duk wannan mai gyara ya sani, ko ya kamata ya sani. Amma "Malam, bairas ne ya cika ta, sai dai fomatin" ta fi sauƙin faɗa. Ba a kwance noti ko ɗaya ba, ba a zargi wanda ya sayar da ita ba, ba a ce wa mai ita kayansa sun tsufa ba. Kuma fomatin, wato share faifan a sake ɗora Windows, yana aiki na ɗan lokaci, tunda ya share duk manhajojin da ke cunkoso a ƙofa. Bayan wata biyu an sake saka su, nawa ta dawo, sai a ce bairas ɗin ya dawo, a sake biya. A tsakani, ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse ta rasa babi uku na furojet, malamin makaranta ya rasa sakamakon zango. Kuɗin fomatin da ake ta maimaitawa da an tara shi an sa SSD, sabon nau'in faifan ajiya wanda ba shi da abin juyawa, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa inda tsohon faifai ke yin wajen 100, da kwamfutar nan ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya.

Shi kuwa bairas na gaske, ƙofarsa a buɗe muka bar ta. Kusan kowa ya kashe sabunta Windows saboda tana cin data. Bairas ɗin WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta irin wannan ƙofa ya shiga, kwamfutocin da ba a sabunta ba, bayan Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Windows 7 da har yanzu ke kan teburan shagunan buga takardu an daina yi mata gyara tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin 'yan Beljiyam ɗin da ke hannunmu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba.