Waiwaye: Ƙofar da Gerald Ford ya bi ya zama shugaban Amurka ba tare da ƙuri'a ba

Duk sanda maganar tsufa ko rashin lafiyar shugaban Amurka ta taso, kamar yadda take ta tasowa a 'yan shekarun nan, sai a koma ja-in-ja a kan gyara na 25 na kundin tsarin mulkin ƙasar. Daga nan sai wani ya jefo tambaya: anya ƙasar da ke tinƙaho da zaɓe za ta bar wanda jama'a ba su zaɓa ba ya hau kujerar? Ai ba ma batun za ta bari ba ne, ta riga ta bari tun 1974, kuma dokar da ta ba da damar tana nan daram.

Kundin da aka rubuta a 1787 ya bar maganar gado a dunƙule, bai fayyace ko mataimaki zai zama cikakken shugaba ba ne ko riƙon ƙwarya zai yi. Da William Henry Harrison ya rasu a Afrilun 1841, wata ɗaya kacal da hawansa, John Tyler ya yi rantsuwa ya ce shi shugaba ne, ba ɗan riƙo ba. Aka yi surutu, aka gaji, abin ya zama al'ada. Haka aka bi bayan Lincoln, Garfield, McKinley, Franklin Roosevelt da sauransu. Amma duk waɗannan magada sunansu na kan takardar zaɓe, an kaɗa musu ƙuri'a a matsayin mataimaka.

Inda labarin ya karya kwana shi ne bayan kisan John F. Kennedy ranar 22 ga Nuwamban 1963. Lyndon Johnson ya hau, kujerar mataimaki ta zama wayam, kuma babu dokar cike ta sai zaɓe ya zagayo. Wannan ba baƙon abu ba ne, don sau 16 ke nan ana samun wannan giɓi: shugabanni takwas sun rasu, mataimaka bakwai sun rasu, ɗaya ya yi murabus. Da can ba wanda ya damu. Amma wannan karon zamanin yaƙin cacar baka ne, shekara guda ke nan da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, kuma Johnson ya taɓa yin mummunan bugun zuciya a 1955. Kwana biyar bayan kisan ya yi wa majalisa jawabi, Amurkawa suka ga mutum biyun da ke biye da shi a layin gado zaune a bayansa: kakakin majalisar wakilai John McCormack mai shekara 71, da Sanata Carl Hayden mai shekara 86. A ganina wannan hoton ya fi kowace irin hujja aiki a zukatan 'yan majalisa. Wata 14 aka yi babu mataimaki.

Sanata Birch Bayh na jihar Indiyana ne ya ja ragamar gyaran da ya zama na 25. An kawo shawarwari iri-iri, har da ta a riƙa zaɓen mataimaka biyu, da ta a sake tara wakilan nan da ke zaɓen shugaba su fitar da sabo. Wadda ta yi nasara ita ce mafi sauƙi: shugaba ya ba da suna, majalisun biyu su amince da rinjaye. Shi ne sashe na biyu, jimla ɗaya tak, wadda doguwar muhawara kan rashin lafiyar shugaba ta danne. Majalisa ta zartar a Yulin 1965, jihohi suka kammala amincewa ranar 10 ga Fabrairun 1967. Tsoron kujera babu kowa ya rinjayi tsoron kujera babu ƙuri'a, kuma duk wanda ya rayu a wancan zamani na fargabar nukiliya ba zai ga baikensu ba.

Shekara shida aka yi kafin a taɓa sashen. Spiro Agnew ya sauka daga mataimaki a Oktoban 1973, Richard Nixon ya ba da sunan Gerald Ford, jagoran marasa rinjaye a majalisar wakilai, wanda iyakar masu zaɓensa mazaɓa ɗaya ce a jihar Mishigan. Dattawa 92 suka amince, 3 suka ƙi; wakilai 387 suka amince, 35 suka ƙi. Ranar 9 ga Agustan 1974 Nixon ya yi murabus, Ford ya zama shugaba. A jawabinsa na ranar ya faɗa da bakinsa cewa ya san ba da ƙuri'arsu ya hau ba, ya roƙi su tabbatar da shi da addu'a. Shi kuma ya ɗauko Nelson Rockefeller ta wannan hanyar, sai ga Amurka da shugaba da mataimaki duk naɗaɗɗu har Janairun 1977, bayan Jimmy Carter ya kayar da Ford.

Masu kare sashen suna da abin faɗa. Ba don shi ba, da mulki ya faɗa hannun kakakin majalisa Carl Albert, ɗan jam'iyyar da ta sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa na 1972. An kawo ƙudurin a riƙa yin zaɓe na musamman idan naɗaɗɗen mataimaki ya gaji kujera, amma bai kai ko'ina ba.

Mu ma da muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, irin wannan ƙofa na cikin kundinmu na 1999, a sashe na 146. Ta nan Namadi Sambo ya tashi daga gwamnan Kaduna ya zama mataimakin shugaban ƙasa a Mayun 2010, bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma daga ranar shi ne na farko a layin gado.