Digiri na Biyu da na Uku a Ilimin Labarin Ƙasa a Arewacin Kamaru da Cadi

Ilimin labarin ƙasa, wanda wasu ke kira jugurafi, fanni ne da ke nazarin doron ƙasa da abin da ke kansa, tun daga duwatsu da koguna da ƙasar noma da yanayin sama har zuwa yadda mutane suka zauna a kai, suke noma da kiwo da kasuwanci, suke kuma jayayya a kan fili da ruwa. Digiri na biyu da na uku a wannan fanni su ne matakan da ɗalibi ke hawa bayan digirin farko. A digirin farko ana koya wa ɗalibi abin da wasu suka riga suka gano, amma daga digiri na biyu ana neman ya zaɓi wuri guda da tambaya guda, ya je wurin da ƙafarsa, ya auna, ya tambaya, ya zana taswira, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare amsar da ya samo.

Tsarin karatu

Jami'o'in Kamaru da Cadi suna bin tsarin da ake kira LMD, wanda ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta Afirka ta Tsakiya, suka amince da shi, Kamaru kuma ta fara aiki da shi a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008. A wannan tsari digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne. Digiri na biyu, wato masta, shekara 2 ne da aka raba zango 4, kowane zango da kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, jimilla 120. Digiri na uku kuma, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir, shekara 3 ne a takarda, ko da yake a aikace yakan wuce haka. Masta iri biyu ne: na bincike, wanda ke buɗe ƙofar digiri na uku da koyarwa a jami'a, da na sana'a, wanda ke shirya ɗalibi ya yi aiki a fannoni irin su tsara birane ko kula da muhalli, kuma a cikinsa ɗalibi yakan yi watanni yana koyon aiki a wata ma'aikata.

A yankin ana karanta fannin a Jami'ar Ngaundere, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, da Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, da Jami'ar Njamena, wadda ta fara a 1971 da sunan Jami'ar Cadi. An kuma kafa jami'a a Garwa a 2022. Yawancin darussa da Faransanci ake yin su, amma ɗalibin da ba ya karanta Ingilishi yakan sha wahala, domin babban kaso na rubuce-rubucen kimiyya a kan yanayi da hotunan tauraron ɗan adam da shi ake fitar da su.

Tarihin tunani da dabarun bincike

Zangon farko yakan fara da tarihin fannin kansa. Ana bin sawu daga Idrisi, wanda ya kammala taswirar duniyarsa a Sisiliya a 1154, zuwa makarantar Faransa ta Paul Vidal de la Blache, wadda ta mai da hankali ga nazarin yanki guda da zurfi da dangantakar mutanensa da ƙasarsu. Wannan makaranta ita ce ta fi yin tasiri a sassan labarin ƙasa na Kamaru da Cadi, musamman ta hanyar nazarin ƙasar ƙauye gona bayan gona, wanda Gilles Sautter da Paul Pélissier suka yi kira a kansa a 1964, masu binciken cibiyar ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, suka kuma aiwatar a ƙauyuka da dama. Ya kamata a tuna cewa sanin ƙasa bai zo yankin nan tare da Turawa ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba matafiyin Birtaniya Clapperton taswirar ƙasashen Sudan ta Tsakiya a 1824, fatake da mahajjata kuma sun san hanyoyin Adamawa da Bagirmi da Wadai zango bayan zango tun kafin matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya isa Yola a 1851.

Tare da tarihin fannin ake koyar da ƙididdiga, da yadda ake zaɓen gidajen da za a yi wa tambayoyi, da yadda ake tsara takardar tambayoyi, da ladubban bincike.

Halittar ƙasa, ruwa da yanayi

Fannin ya kasu reshe biyu, na halittar ƙasa da na mutane. Wanda ya zaɓi reshe na farko yana karanta siffar ƙasa da zaizayarta, da ilimin yanayi, da ilimin ruwa, da nau'o'in ƙasar noma, da yadda tsirrai suka rarrabu. Yankin kansa aji ne babba, domin ruwan sama yana raguwa a jere daga kudu zuwa arewa: kimanin milimita 1,500 a shekara a tudun Ngaundere, kusan 1,000 a Garwa, wajen 800 a Marwa, ƙasa da 600 a Njamena, har a kai Faya da ke arewacin Cadi, inda shekara kan wuce da ɗan yayyafi kawai. Ɗalibi yana koyon dalilin haka, wato yadda iskar damina mai ɗauke da danshi daga teku ke turo busasshiyar iskar hunturu zuwa arewa, ta kuma ja da baya a watan Oktoba. Yana koyon cewa kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda gindin wani tsohon babban tafki ne, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Yana koyon bambanta baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, ake dasa masakwa a cikinta bayan damina, da ƙasar harde da ta daskare har ruwa ba ya ratsa ta.

Babu darasin da ya kai Tafkin Cadi nuna abin da wannan digiri ke son koya wa ɗalibi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1972 zuwa 1973 ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu, farin 1983 zuwa 1984 kuma ya ƙara matse shi har buɗaɗɗen ruwansa ya koma wajen murabba'in kilomita 2,000. Daga waɗannan alƙaluma biyu ne aka samo maganar da ake yawan maimaitawa, cewa tafkin ya rasa kashi 90 cikin ɗari na girmansa. Ɗalibin digiri na biyu ba ya ƙaryata alƙaluman, amma ana koya masa ya tambaya: me ya sa aka fara ƙirge daga shekarun 1960, alhali shekaru ne na ruwa mai yawa fiye da yadda aka saba? Shin hoton tauraron ɗan adam yana ganin ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa da kwari masu fadama, ko buɗaɗɗen ruwa kaɗai yake ƙirgawa? Zai karanta cewa Jean Tilho, hafsan sojan Faransa wanda ya jagoranci aikin auna yankin tsakanin 1906 da 1909, ya riga ya tarar da tafkin a ƙanƙance, har ya bambanta ƙaramin Tafkin Cadi da matsakaici da babba. Zai fahimci cewa tafki ne marar zurfi, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, don haka girmansa ya dogara ga damina a kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya da tudun Adamawa, ba ga ruwan da ke sauka a kansa ba. Zai kuma ga cewa filin da ruwa ya janye ya bari ya zama gonakin masara da wake da makiyaya ta dabbobi, ya jawo baƙi daga nesa, cikinsu har da Hausawa masunta da 'yan kasuwar kifi, kuma wannan ƙaura tana cikin abin da ya kai batun garin Darak da ke yankin tafkin gaban kotun duniya, wadda ta yanke hukunci kan iyakar Kamaru da Najeriya a ranar 10 ga Oktoba 2002. Wanda ya iya warware wannan zare ɗaya, daga ruwan sama zuwa kifi zuwa iyaka, ya kama ainihin fannin.

Haka ake nazarin madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa, wadda ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza da Logone, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu, da madatsar Lagdo a kan Binuwai da aka kammala a 1982.

Mutane da zamansu

Reshe na biyu ya ƙunshi nazarin yawan jama'a da ƙaura, da karkara, da birane, da tattalin arziki, da lafiya, da siyasar iyakoki. A nan ɗalibi yakan yi aiki a kan gonakin tsaunukan Mandara masu hawa-hawa da aka tokare da jeren duwatsu, ko noman auduga da kamfanonin SODECOTON da Cotontchad suka tsara, ko ƙaurar manoma daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru zuwa kwarin Binuwai, ko kasuwancin da ke ratsa gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Njamena, ko sauyin da bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi ya kawo tun 2003, ko yadda sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe a Kamaru a 2013 ya shafi itacen girki da ruwan ƙauyukan kewaye. Ambaliyar da ta ci unguwannin Njamena a 2022 da 2024 ta sa nazarin haɗari da tsara birane ya ƙara samun masu nema.

Batun mallakar fili shi ne mafi nauyi a wannan reshe. Dokokin filaye na Kamaru na 1974 da na Cadi na 1967 sun ba gwamnati iko a kan filin da ba a yi wa rajista ba, amma a ƙauye lamiɗo da lawan da jauro da bulama su ne ke raba gona, su ne kuma ake kai wa ƙara idan shanu suka shiga shuka. Kundin binciken da ya kawo doka kaɗai bai faɗi abin da ke faruwa ba, wanda ya kawo al'ada kaɗai kuma bai bayyana dalilin da ya sa mai takarda daga birni ke iya karɓe gonar gado ba. Ana neman ɗalibi ya nuna a kan taswira inda burtali yake a da, inda gonaki suka cinye shi, da shekarar da hakan ya faru.

Taswira da tauraron ɗan adam

Kusan kowane shiri yanzu yana da darussan zanen taswira da kwamfuta, da sarrafa bayanan wuri a manhajoji irin su QGIS, wadda kyauta ce, da ArcGIS, da amfani da na'urar GPS. Hotunan taurarin ɗan adam na Landsat sun faro tun 1972, an kuma buɗe su kyauta a 2008, kowane ɗigo a hotunan baya-bayan nan yana wakiltar mita 30 a ƙasa. Na Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, suna kaiwa mita 10. Da su ake auna koren tsiro, da faɗaɗar gari, da iyakar ambaliya. Da damina gajimare yakan rufe ƙasa, sai a koma ga hotunan na'urar radar na Sentinel-1 masu ratsa shi.

Kayan aikin nan suna da ruɗi, domin taswira mai launi takan yi kyau ko da kuskure ce. Kwamfuta tana iya ɗaukar gonar masakwa a matsayin daji, ko gonar da aka bari ta huta a matsayin hamada, idan ɗalibi bai je ya tabbatar da idonsa ba. Saboda haka malamai na ƙwarai ba sa karɓar taswira sai an nuna musu wuraren da aka taka aka gwada, da adadin waɗanda suka dace.

Aikin fili da kundin bincike

Zango na huɗu na kundi ne, wanda ɗalibai ke kira memwar. Ɗalibi yana rubuta tsarin bincikensa, malamin da ke duba aikinsa ya amince, ya karɓi takardar izini daga jami'a, ya gabatar da kansa ga hukuma da sarkin gari kafin ya fara tambayar kowa. Lokacin tafiya ma ilimi ne: mai nazarin masakwa zai je daga Oktoba zuwa Fabrairu, mai nazarin makiyaya kuma dole ya bi su mashekari. Matsalar tsaro a wasu sassan tafki da Mandara ta sa ana sauya wa ɗalibai wurin bincike. Wata matsalar ita ce tsufan alƙaluma, domin shekaru da yawa masu bincike sun dogara ga ƙidayar Kamaru ta 2005 da ta Cadi ta 2009, garuruwa kuwa sun ƙara girma tun lokacin.

A fili harshe ya fi na'ura tsada. Ɗalibin da ke jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa ko Barbarci yana jin abin da tafinta kan zubar a hanya: sunayen da manoma ke ba ƙasa iri-iri, bambancin aro da haya da jingina a gona, da abin da dattijo ke nufi idan ya ce shekarar yunwa kaza. Bahaushen Garwa ko Marwa ko Njamena da ya tashi da harsuna uku yana shiga wannan karatu da jarin da ba a koyarwa a aji.

Ana kare kundin a bainar jama'a gaban kwamitin malamai, galibi mutum uku, a ba da maki bisa 20. A digiri na uku ana neman gudummawar da ba a taɓa kawowa ba, da aikin fili na damina da rani fiye da ɗaya, da maƙaloli a mujallun kimiyya. Masu kammalawa suna koyarwa a makarantun sakandare da jami'o'i, ko su yi aiki a ƙananan hukumomi da ofisoshin safiyo da gandun daji irin su Waza da Zakuma, da ƙungiyoyin agaji, da Hukumar Tafkin Cadi, wadda Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya suka kafa a ranar 22 ga Mayu 1964, hedikwatarta kuma tana Njamena.