Clarisse Agbegnenou, 'yar Togon da ta gagari mata a judo

'Yan matanmu na nan Jidda da suka fara zuwa nadi, wato kulob, koyon judo sun dame ni da tambaya a kan matar nan, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta.

Wai 'yar ina ce?

Faransa take wa wasa, a garin Rennes aka haife ta a 1992, amma asalin gidansu Togo ne. Bakwaini ce ma, ita da ɗan'uwanta tagwaye, har tiyatar ƙoda aka yi mata tana jaririya. A ajin kilo 63 take fafatawa, kuma jandarma ce.

Me ta ci da ake ta zuzuta ta haka?

Kambun duniya sau 6: 2014, 2017, 2018, 2019, 2021 da 2023. Amma ni abin da ya fi burge ni labarin Olamfik ne. A Rio 2016 ta kai wasan ƙarshe, Tina Trstenjak ta Sulobeniya ta danne ta a ƙasa, ta dawo gida da azurfa, sai ta zauna jiran Tokyo, korona kuma ta zo ta ƙara shekara guda a kai, ya'ani shekara biyar tana dakon mace ɗaya, ai kuwa a 2021 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, minti huɗu suka cika babu wadda ta samu maki, aka shiga ƙarin lokaci Clarisse ta kayar da ita. Ko murna ba ta gama ba ta rungume Tina ta ɗaga ta sama.

Yaya ake cin wasan ne ma?

Idan kika maka abokiyar karawa da bayanta da ƙarfi, ko kika danne ta daƙiƙa 20, ko kika shaƙe ta ko kika murɗe mata gwiwar hannu har ta buga tabarma, ippon ke nan, khalas an tashi. Kayarwar da ba ta cika ba waza-ari ce, biyu sun zama ippon. Gargaɗi uku kuma alƙali ya kore ki.

Da gaske ta haihu ta dawo?

Ƙwarai. Ta haifi 'yarta a Yunin 2022, a Mayun 2023 ta ci kambu na shida nan kusa da mu a Doha, tana shayarwa tsakanin wasa da wasa. Wadda ta taɓa goyo ta san me hakan ke nufi. A Paris 2024 kam tagulla ta samu, wata 'yar Sulobeniyar ce dai, Andreja Leški, ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe, wadda ita ce Clarisse ta doke a Doha. Amma ta ci zinare na ƙungiya, kamar yadda suka yi a Tokyo.

To mu nan Saudiyya fa?

Wojdan Shaherkani 'yar Makka ta je Landan 2012 tana shekara 16, aka yi ta ja-in-ja kan lulluɓi har aka yarda ta sa wata hula mai kama kai, Melissa Mojica ta Puerto Rico ta kayar da ita cikin daƙiƙa 82. Wasu na yi mata dariya har yau, ni ban ga abin dariya ba wallahi. Yarinyar ko baƙin ɗamara na ƙwararru ba ta da shi aka tura ta gaban wadda ta yi shekaru tana yawon gasa, a lokacin ko darasin motsa jiki babu a makarantun gwamnati na mata, sai 2017 aka amince da shi. Clarisse kuwa tun tana 14 take cibiyar horaswa a Orléans. Bayan Wojdan an samu Tahani Alqahtani a Tokyo, ita ma a zagayen farko ta fita.