Dinar littafi don tara wa laburare kuɗi

Dinar littafi wata hanya ce ta tara wa laburaren gari kuɗi, kuma a Amurka aka fi yinta. A dare ɗaya magidanta da yawa za su buɗe gidajensu, kowane gida ya ɗauki littafi ɗaya ya tsara girkinsa da kwalliyar falo bisa labarin da ke ciki, baƙi su sayi tikiti su zo su ci, kuɗin kuma ya shiga asusun laburare. Sunan ya danganta da gari, wasu na cewa Novel Night, wasu Literary Feasts.

Asali

Tushen abin yana cikin yadda ake riƙe laburare a Amurka. Attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, guda 1,689 a Amurka suke, amma fa gini kawai yake bayarwa, da sharaɗin garin zai riƙa ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara don gudanarwa. Shi ya sa har yau yawancin laburaren can da harajin gari suke rayuwa, in haraji ya yi ƙasa su ma sai sun ji a jikinsu. Daga nan ƙungiyoyin abokan laburare suka taso, ƴan sa kai ne masu neman abin da za a cike giɓi da shi, ana yawan cewa ta farko a Amurka a Glen Ellyn ta jihar Illinois aka kafa ta a 1922.

A shekarun 1970 ne abin ya yi tsanani. Birnin Niyok ya kusa tsiyacewa a 1975, aka rage ma'aikata da awannin buɗe laburare, sannan a 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da dokar Proposition 13 da ta zaftare harajin gidaje, laburare da dama suka shiga wani hali. Da Vartan Gregorian ya karɓi shugabancin laburaren Niyok a 1981 sai ya haɗa kai da wata attajira mai suna Brooke Astor suka jawo masu hannu da shuni, aka fara dinar karrama marubuta mai suna Literary Lions, kuma wajen farkon shekarun 1980 aka yi Night of 100 Dinners inda aka rarraba baƙi gida-gida a dare ɗaya. Wannan salon na gida-gida shi ƙananan garuruwa suka fi ɗauka don ba sai an kama otal ba.

A Los Anjalas kuwa gobara ce sila. Ranar 29 ga Afrilu 1986 wuta ta cinye littattafai kusan 400,000 a babban laburaren birnin, ruwa da hayaƙi suka lalata wasu kusan 700,000, sai a 1993 aka sake buɗe shi. An kafa gidauniyar laburaren a 1992, kuma a ƙarƙashinta ake yin Literary Feasts a gidajen mutane.

Yadda ake yi

Kwamiti ne ke nemo masu masauki. Galibi mai gida shi ke sayen cefane daga aljihunsa, wannan ne ma sirrin abin gaskiya, saboda kusan duk kuɗin tikiti laburare zai tafi. In labarin littafin a teku ya faru za ka ga kifi a tebur, an rataya koma a bango, baƙi sun yi shigar matuƙan jirgin ruwa, mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suna musu a kan wani babi. Bayan an ci, a wurare da yawa kowa zai hallara a waje ɗaya a ci kayan zaƙi a ɗan taka rawa. A manyan birane akan zaunar da marubucin kansa a teburin.

Inda kuɗin ke zuwa

Yawanci sayen littattafai da shirin karatun yara a dogon hutu.

Saɓani

Wasu na ganin tsadar tikiti na hana talakan da ya fi buƙatar laburaren zuwa, wasu kuma na tsoron hukuma za ta fake da gudummawar ta rage nata kason. Masu shiryawa na cewa kuɗin dinar ƙari ne kawai a kan abin da laburare ke samu daga haraji.