Auren tuwona maina da gwajin jini: kira ga 'yan uwa mazauna Makka

Kwanan baya wata dattijuwa daga unguwar Shara Mansur a nan Makka ta kawo mana jikanta ɗan shekara 3 asibiti, yatsunsa sun kumbura, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ko taɓa shi aka yi sai ya callara ƙara. Sikila ce. Na ce, "Hajiya, iyayensa 'yan uwa ne?" Ta ce, "'Ya'yan wa da ƙani ne, 'yata. Mu a gidanmu ba ma ba bare."

Abin ya tsaya mini a rai, don na san dalilinsu. Wanda ke zaune a ƙasar baƙunta yakan riƙe nasa da hannu biyu. Sai dai kowane ɗa yana gadon ƙwayoyin halitta ne rabi daga uwa, rabi daga uba. In dangi suka daɗe suna aure a junansu, abin da ke jininsu shi ne zai yi ta zagayawa, ƙwayar cutar gado da ta ɓuya a jikin kaka ɗaya sai ta haɗu da 'yar uwarta a jikin jika. In kuwa aka auro daga wani gida ko wata ƙabila, sabon iri ya shigo, haɗuwar nan sai ta ragu.

Sikilar ma tafiya ta yi da mutane. Irin wadda aka fi samu a Jizan, kudu maso yammacin Saudiyya, daga Afirka asalinta yake, ta Ƙaɗif da Ahsa da ke gabashin ƙasar kuwa dangin ta Indiya ce, kuma yawanci ta fi sauƙi.

Amma kada a ce auren bare ya gama magana. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, garau yake, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana iya zuwa da SS, wato ɗa mai ciwon sikila, kashi 1 cikin 4, kuma kowane ciki da nasa lissafin.

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin sikila da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado) kafin aure. Ina roƙon iyaye, har waɗanda dokar ba ta hau kansu ba, a kai yaran a ɗebi jininsu tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. In an riga an sa rana, an rarraba goro, da wuya ake samun uban da zai iya cewa an fasa.